Kundin aikin sauya tsarin kwamfutocin ofishinmu, daga Agusta zuwa Nuwamba 2025

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Yau na fara aikin da Manaja ya ɗora mini tun ƙarshen watan jiya, wato bin kwamfutocin ofis ɗaya bayan ɗaya domin a tantance waɗanda za su iya ɗaukar Windows 11 da waɗanda ba za su iya ba, kafin ranar 14 ga Oktoba, ranar da kamfanin Microsoft ya tsayar zai daina fitar da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. Ofishinmu na fassara ne da buga takardu a cikin birnin Kano, kuma muna da kwamfuta goma sha huɗu, tara na tebur, biyar na tafi-da-gidanka. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana tare da kwanan wata, saboda duk wanda ya karɓi wannan aiki bayana ya san dalilin da ya sa aka saita kowace na'ura yadda ya same ta.

Abu na farko da na yi shi ne kwantar wa ma'aikata hankali, domin magana ta riga ta zagaya cewa kwamfutocin za su mutu a ranar da aka ambata. Ba haka abin yake ba. Za su ci gaba da kunnuwa suna aiki, sai dai duk wata kafa da masu kutse suka gano a jikin tsarin bayan wannan rana za ta zauna a buɗe, babu mai toshe ta. Windows 10 ya fito ne a ranar 29 ga Yuli, 2015, saboda haka ya shekara goma ana kula da shi.

Sharuɗɗan Windows 11 sun haɗa da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta wucin-gadi, na gigabayit 4, da ma'ajiya mai gigabayit 64, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma furosesa, wato ɓangaren da yake sarrafa ayyukan na'ura, wadda ba ta gaza zubi na takwas na Intel ba, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Na bi na'urorin da manhajar PC Health Check. Biyar sun wuce nan take. Uku sun faɗi da farko, amma da na shiga BIOS, wato wurin saitin tushe na na'ura, na tarar TPM ɗinsu a kashe yake kawai, ina kunna shi suka wuce. Shida kuwa babu dabara, furosesarsu ce ta tsufa a ma'aunin kamfanin: ɗaya zubi na huɗu ce, sauran biyar ɗin na shida da na bakwai. Duk shidan na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, kuma biyar daga cikinsu lafiyarsu ƙalau, babu aikin da muke ba su da suke gazawa.

Akwai abin da ban tafi nema ba amma na ci karo da shi. Kwamfuta huɗu ba su da lasisi na gaskiya, wanda ya sayar mana da su shekarun baya ya kunna su ne ta ɓarauniyar hanya. A ɗaya daga cikinsu na ƙirga manhajojin kariya har uku suna aiki lokaci guda, kowace tana binciken 'yar'uwarta, kuma wannan ne ya sa take ɗaukar kusan minti goma kafin ta gama tashi da safe.

Laraba, 13 ga Agusta, 2025

Yau mun yi asarar rabin yini, kuma ina so in rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla, domin shi ne ainihin matsalar da wannan aiki ya kamata ya magance, fiye ma da batun sauya tsari.

Ana fitar da manyan gyare-gyaren wata-wata ne a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, da ƙarfe goma na safe agogon yammacin Amurka, wanda a wannan lokaci na shekara ya yi daidai da ƙarfe shida na yamma a nan. A lokacin mun tashi daga aiki. Saboda haka da safiyar Laraba, ana kunna kwamfutoci, dukkansu suka fara sauke abu ɗaya, kowace da kanta, ta kan rawuta ɗaya da muke saya wa data duk wata. Kafin azahar datar da aka yi lissafin za ta kai mu ƙarshen mako ta ƙare, alhali akwai fassarar da mai ita yake jira a tura masa kafin ƙarfe biyu. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun bana, irin wannan ɓarna ta daina zama ƙaramin abu a wajen Hajiya mai riƙe da asusu.

Na biyun ya fi ciwo. Kwamfutar mai tsara shafuka ta sake kunna kanta lokacin da ya fita sallah, ta shiga girka abin da ta sauke, allon yana nuna gargaɗin kada a kashe. Ana cikin haka hadari ya taso, aka ɗauke wuta, kuma batirin inbata da ya riga ya yi rauni bai riƙe ta ba kafin a tayar da janareta. Da aka kunna ta sai ta riƙa kewayawa wuri ɗaya, ta tashi ta koma. Na shafe awa uku kafin na samu ta mayar da kanta yadda take jiya, shi kuma ya sake aikin shafi goma sha ɗaya da bai adana ba.

Ban ɗora laifin a kan kowa a ofis ba, domin babu wanda aka taɓa ba alhakin saita waɗannan abubuwa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, irin wannan tsari an gina shi ne a bisa zaton cewa wuta ba ta yankewa, intanet ba ta da iyaka, kuma kwamfuta tana kwana a kunne ta yi gyaranta da tsakar dare. A wajenmu babu ko ɗaya daga cikin ukun. Idan aka tashi aiki ana kashe komai, kuma sau da yawa a daidai wannan lokaci ne na'ura take cewa a jira ta, maigadi yana tsaye a bakin janareta yana jiran a ce ya kashe, man fetur yana ƙonewa a kan kwamfuta ɗaya.

Da yamma mai tsara shafukan ya same ni ya ce, "Malam, don Allah ka kashe wannan sabuntawar gaba ɗaya, mu huta." Na fahimci ɓacin ransa, amma na ce masa ba zan yi ba, na kuma ba shi labarin WannaCry, manhajar garkuwa da bayanai da ta bazu a duniya a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Birtaniya. An riga an fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris na shekarar, waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su girka ba. Sabuntawa dole ce. Abin da nake so shi ne lokacinta ya dawo hannunmu.

Ga abin da na saita a yau. Na nuna wa kowace kwamfuta cewa intanet ɗinmu mai awo ce, wanda yake hana ta sauke yawancin manyan abubuwa da kanta. Na sanya sa'o'in aiki daga shida na safe zuwa sha biyun dare, wato awa 18, iyakar abin da tsarin ya yarda, domin kada ta sake kunna kanta a tsakani. Daga yanzu kuma zan riƙa sauke fayil ɗin gyaran wata sau ɗaya tak daga rumbun Microsoft Update Catalog, in zuba a filashi, in bi na'urorin da shi ranar Asabar da hantsi, lokacin da sola take da ƙarfi kuma babu aikin abokin ciniki a kan tebur.

Asabar, 23 ga Agusta, 2025

An kawo sababbin kwamfutoci biyu na tafi-da-gidanka, ɗaya ta Hajiya, ɗaya ta babban mai fassara, domin maye gurbin biyu daga cikin shidan da suka faɗi. Na ɗauka aikin awa ɗaya ne, sai ga shi ya cinye yinin gaba ɗaya.

Tun a kunnawar farko na'urar ta nemi a haɗa ta da intanet a kuma shiga da asusu kafin a ga fuskarta. Bayan an wuce nan sai na tarar da kayan da kamfanin da ya ƙera ta ya cusa: manhajar kariya ta gwaji wadda za ta ƙare bayan kwana talatin ta fara neman a biya da kati, da manhajoji huɗu na kamfanin kansa waɗanda duk suke tashi tare da kwamfutar, da wasanni, da hanyoyin shiga shagunan sayayya, da wata mai tallan wurin ajiya a intanet. Na buɗe ma'aunin aiki na ga fiye da rabin RAM ɗin a cike alhali ban buɗe ko takarda ɗaya ba. Ofis ya biya kuɗin na'ura sukutum, amma wani kaso na ƙarfinta yana yi wa wasu aiki tun kafin mai ita ta taɓa ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ribar sayar da kwamfuta ba ta da yawa, masu manhajoji kuma suna biyan masu ƙerawa domin a sanya kayansu a gaban mai saye.

Wani zai ce ai sai a goge su ɗaya-ɗaya. Na gwammace in share faifan gaba ɗaya in girka tsarin daga tushe, kuma ina da hujja. A watan Fabrairun 2015 aka gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo sun fito daga masana'anta da manhajar talla mai suna Superfish, wadda take shiga tsakanin mai amfani da shafukan da ake ɗauka amintattu ne, har ta buɗe ƙofar da wani zai iya leƙa bayanan banki. Maganar ta kai ga hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, aka yi sulhu a 2017. Namu ba na wannan kamfani ba ne, kuma ban ce akwai irin wannan a cikinsu ba, amma kwamfutar da za ta riƙe albashin ma'aikata da lissafin haraji bai kamata ta ɗauki abin da ban san aikinsa ba. Na haɗa filashi mai gigabayit 8 da manhajar girkawa ta asali, na share, na girka. Kariyar da take zuwa a cikin tsarin, wato Microsoft Defender, ta ishe mu.

Abubuwa biyu sun rage mini daɗin aikin. Na farko, bayan na gama, ɗaya daga cikin manhajojin kamfanin da ya ƙera na'urar ta dawo da kanta, ta biyo direban sauti, wato manhajar da take sarrafa sautin na'urar, sai da na sake cire ta na hana ta tashi. Na biyu, mun nemi nau'in Pro ne a takardar oda, dillalin ya kawo mana Home, wanda ba shi da wurin shimfiɗa dokokin ofis da ake kira Group Policy, inda nake son in tsara jinkirin sabuntawa yadda ya dace. Na rubuta wa Manaja a kan a koma masa, ko ya canza ko ya biya kuɗin ɗaga lasisin.

Talata, 2 ga Satumba, 2025

Na dakatar da komai har bayan hutun Maulidi na ranar Juma'a. Ofis a cike yake da aikin kalanda da takardun gayyata na makarantun Islamiyya, kuma ba zan taɓa na'urar da ake aiki a kanta a irin wannan mako ba. Na danna dakatar da sabuntawa a dukkansu, wanda tsarin yake bari har tsawon mako biyar. Dillalin ya amince zai biya kuɗin ɗaga lasisin biyun.

Alhamis, 11 ga Satumba, 2025

Daga Asabar zuwa yau na ɗaga kwamfuta biyar zuwa Windows 11, nau'in 24H2. Kafin in taɓa kowace sai na kwafi faifanta gaba ɗaya da manhajar Clonezilla zuwa wani faifan waje, domin damar komawa baya da tsarin yake bayarwa kwana goma ce kawai, bayan nan yana share tsohon. Uku sun hau lami lafiya da fayilolinsu. Biyu suna cikin marasa lasisin gaskiya, saboda haka aka sayi lasisi, na share su na girka sabo. A nan ne matsalar da ban yi tsammani ba ta fito, kuma ta shafi harshenmu kai tsaye.

Babban mai fassara ya buɗe wani tsohon littafin karatu da za a sake bugawa, sai ya kira ni hankali a tashe. Duk inda ya kamata a ga ƙ sai a ga alamar baka, ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo. Ya ɗauka sabon tsarin ne ya lalata fayil ɗin. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. An buga shi ne da haruffan Rabi'at, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tare da na Abdalla a shekarun 1990, lokacin da kwamfutoci ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi a zana ƙ da ɗ da ɓ a wurin, saboda haka muddin babu wannan salon harafi a na'ura, alamar asali ce za ta bayyana. Share faifai ya tafi da su, kuma ba na cikin jerin abubuwan da na tanada, domin sun daɗe a na'urorin har an manta cewa wani ne ya sanya su. Na ciro su daga kwafin da na ajiye, na mayar, littafin ya dawo daidai.

Wannan ya nuna mini wani aiki da ya fi na yau girma. Muna da fayiloli na shekaru masu yawa da aka buga ta wannan hanya, kuma duk ranar da aka tura wa wani su ba tare da salon harafin ba, abin da zai gani ke nan. Waɗannan haruffa sun yi wa Hausa hidima a lokacin da babu wata mafita, amma yanzu ƙ da ɗ da ɓ suna da gurbinsu na kansu a tsarin Unicode, kuma Windows yana da allon rubutu na Hausa da ake ƙarawa daga wurin saita harshe. Na ƙara shi a kowace na'ura, na kuma rubuta wata 'yar dabara a Word da take musanya alamomin shida da haruffan gaskiya, manya da ƙanana, a dannawa ɗaya. Sai dai dole a duba da ido bayan an musanya, domin akwai wuraren da baka ɗin na gaskiya ne, musamman a littattafan lissafi.

Wasu abubuwa biyu da ya kamata a sani game da 24H2. An cire WordPad daga cikinsa, wanda masu koyon aiki suke buɗewa su yi gwajin bugu, sai na sanya musu LibreOffice. Sannan idan aka girka shi sabo aka shiga da asusun Microsoft, yakan kulle faifan da BitLocker da kansa. Kullewar alheri ce idan aka sace kwamfuta, amma mabuɗin ceto mai lamba 48 yana tafiya ne cikin asusun wanda ya shiga, kuma idan na ma'aikaci ne ya bar aiki, ranar da na'ura ta nemi mabuɗin babu mai buɗe ta. Na buga mabuɗin kowace a takarda, an sanya a ambulan an rufe a akwatin ƙarfe na Manaja. Na kuma kashe kwafin kai-tsaye zuwa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, domin muna riƙe da takardun mutane, na kotu da na asibiti da na makaranta, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora mana alhakin sanin inda suke kwana. Ba abu ne da za a bar wa wani maɓalli da ma'aikaci zai danna cikin sauri ba.

Juma'a, 26 ga Satumba, 2025

An gama ɗaga takwas ɗin da suka cancanta. Da safe muka zauna da Manaja da Hajiya a kan shidan da suka rage.

Manaja ya fara da tambayar da na san zai yi. Ya ce, "Malam, an ce akwai hanyar da ake bi a tsallake sharuɗɗan nan a girka musu sabon. Me ya hana mu?" Na ce, "Yallaɓai, akwai, kuma na iya. Sai dai kamfanin ya faɗa a fili cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta da tabbacin samun gyare-gyare, kuma duk shekara idan sabon nau'i ya fito sai an sake bin ta da hannu. A kwamfutar gida zan iya yi, amma ba a wadda muke karɓar kuɗin mutane a kanta ba."

Hanya ta biyu ita ce sayen ƙarin wa'adin tsaro da ake kira ESU. Na kamfanoni dala 61 ne a kan kowace na'ura a shekarar farko, ya ninka zuwa 122 a ta biyu, ya sake ninkawa zuwa 244 a ta uku, daga nan kuma babu ƙari. Akwai na mutum ɗaya mai dala 30, wanda ma ana iya samunsa kyauta ta wasu hanyoyi, ya kai har 13 ga Oktoba, 2026, amma an tanade shi ne domin amfanin gida, ba na kasuwanci ba. Hajiya ta lissafa ta ce kuɗin shekara uku a kan na'ura ɗaya, dala 427, ya isa a nemi wata ta hannu mai zubi na takwas a kasuwa har da canji, kuma gaskiyarta ne. Saboda haka muka tsaya a kan shekara ɗaya, a kan na'ura biyu kawai, waɗanda ake aiki da manhajar zane ta CorelDRAW a kansu, kafin a tara kuɗin maye gurbinsu.

Biyun da aka karɓa daga Hajiya da babban mai fassara zan sanya musu Linux Mint 22, wani tsarin da ake sanyawa a madadin Windows, wanda za a ci gaba da kula da shi har 2029, ɗaya ta tafi teburin karɓar baƙi, ɗaya ta masu koyon aiki. Aikin wuraren biyu bai wuce bugun takarda da buɗe saƙo ba. Ta biyar ita ce take tuƙa tsohon injin yanka sitika, wanda direbansa ya tsaya tun zamanin Windows 7 kuma wanda ya ƙera shi bai sake fitar da wani ba. Za ta zauna a kan Windows 10, amma zan zare ta daga intanet gaba ɗaya, a riƙa kai mata aiki da filashi guda da aka keɓe mata. Ta shidan, mai zubi na huɗu, za a ajiye ta domin cire kayan gyara.

Na fita daga zaman nan da nauyi a zuciya. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne za su iya zama shara saboda wannan sauyi. Na san inda da yawansu za su ƙare, domin kasuwanninmu ne suke karɓar abin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Za a ga na'urori masu kyan gani da araha sun cika shaguna, mai saye kuma ba lallai ne a gaya masa cewa tsarin da ke kansu ya daina samun kariya ba. Na roƙi Manaja da kada a sake sayen kwamfuta a ofishin nan sai an nuna mini lambar furosesarta.

Laraba, 15 ga Oktoba, 2025

Jiya wa'adin ya cika. An fitar da gyaran ƙarshe na kyauta ga Windows 10, kuma a rana ɗaya aka daina kula da Office 2016 da Office 2019. Da safe kowa ya kunna na'urarsa ya ci gaba da aiki, babu wadda ta sauke komai da kanta, datar ofis kuma tana nan yadda aka bar ta. Lasisin ESU guda biyu ya iso makon jiya ta hannun wani wakili mai izini, bayan jinkirin da biyan kuɗi da dala ya jawo, na kuma kunna su.

Nau'in 25H2 ya fito tun 30 ga Satumba, amma ba zan hau shi yanzu ba. A cikinsa an ƙara wata doka da take ba mai kula da kwamfutoci damar cire manhajojin da suke zuwa tare da tsarin a sauƙaƙe, sai dai an keɓe ta ga nau'in Enterprise da Education, wato manyan kamfanoni da makarantu. Ƙaramin ofis irin namu, wanda ba shi da ma'aikacin da aikinsa ke nan kaɗai, shi ne ya fi buƙatar wannan sauƙi, kuma shi ne bai samu ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 2025

Dokar da na kafa ta jiran kwana goma kafin girka gyaran wata ta yi amfani a karon farko. Gyaran da aka fitar wa Windows 11 ranar 14 ga wata ya zo da matsala: linzami da allon rubutu masu shiga ta USB suna daina aiki a cikin shafin ceto, wato wurin da ake shiga a gyara na'ura idan ta ƙi tashi. Microsoft ya amsa matsalar, ya fitar da gyaran gaggawa bayan kusan mako guda. Mu ba mu girka na farkon ba, saboda haka ranar Asabar zan sauke wanda aka gyara kai tsaye. Da irin abin da ya same mu a watan Agusta ya maimaitu a cikin wannan mako a kan na'urar tebur, da shafin ceton da na dogara da shi a ranar bai amsa mini ba.

Ba yau aka fara ba. A watan Oktoban 2018 an janye wani babban sabuntawa na Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitowarsa saboda ya goge wa wasu mutane fayiloli, kuma a ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Duk da haka jira yana da nasa haɗarin, domin da zarar an fitar da gyara masu kutse suna nazarinsa su gane kafar da aka toshe, su nemi waɗanda ba su toshe ba. Shi ya sa ban wuce kwana goma zuwa sha ɗaya ba, kuma idan aka sanar cewa ana riga ana amfani da wata kafa wajen kai hari, zan gwada a na'ura ɗaya a ranar, in bi sauran washegari.

Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025

Jiya aka fitar da gyaran farko na masu ESU. Zan girka shi tare da na sauran ranar Asabar 22 ga wata, bayan na gwada a na'urar da na keɓe. An canza batirin inbata a farkon wata, kuma yanzu yana riƙe kwamfutocin tebur har a tayar da janareta.

Na'urorin Linux biyu suna aiki. Mai karɓar baƙi ta saba cikin mako guda, ƙorafinta ɗaya shi ne wasu takardun Word masu jadawali suna ɗan gocewa idan ta buɗe su a LibreOffice, saboda haka na ce a riƙa tura mata su a PDF idan bugawa kawai za ta yi. Ƙaramar firinta ta yi aiki ba tare da na girka komai ba, amma sikana ta ƙi, har yanzu ina nema mata hanya.

Musanya tsofaffin haruffa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na fayilolin, masu koyon aiki biyu suna yi duk ranar Alhamis, babban mai fassara yana dubawa. Akwai kuma sabon aiki da ya taso: Microsoft zai daina kula da Publisher, manhajarsa ta tsara katuna da takardu, a watan Oktoban 2026, watan da wa'adin ESU ɗinmu zai ƙare, kuma yawancin katunan biki da takardun shaida da muke sake bugawa duk shekara a cikinsa aka tsara su. Na fara ƙirga su yau, na kai ɗari biyu da 'yan kai ban gama babban fayil na farko ba. Ranar Litinin zan kai wa Hajiya ƙiyasin kuɗin kwamfuta biyu da za su maye gurbin na CorelDRAW, domin a sanya shi cikin kasafin watan Janairu.